Ƙwayar gilashin da haske ke riƙewa

Ɗan'uwa daga Jos, ka tambayi yadda 'yar ƙwayar gilashi za ta ji igiyar girgizar sararin samaniya (wato miƙewa da tsukewar da sararin kansa ke yi) da ta gagari LIGO, na'urar nan ta Amurka mai tsawon kilomita 4 da aka gina don jin irin wannan igiya. Ai ita LIGO, da ta fara kamu a 2015, jinta ya tsaya a girgiza 'yan dubbai cikin daƙiƙa. Nan kuwa hasken leza ke riƙe ƙwayar cak tsakanin madubai biyu, cikin bututun da aka zuƙe wa iska. In saurin igiyar ya dace da 'yar rawar da ƙwayar ke iya yi a cikin hasken, sai motsinta ya ƙaru, kamar ka tura yaro a lilo daidai kan lokaci. Masana kimiyya Arvanitaki da Geraci ne suka kawo dabarar a 2013, suna hangen girgiza har 300,000 cikin daƙiƙa. Wallahi tana burge ni, amma har yau ba a kama komai da ita ba tukuna.