Shin ɗan fari kaɗai ke cin gado a Ingila ta da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha jin cewa a Ingila ta zamanin da, idan manomi mai hali ya rasu ɗan farinsa ne ke kwashe komai, ƙannensa da matar uban su tashi a tutar babu. Haka ne? In haka ne, mene ne amfanin wasiyya a wurinsu? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji yana da tushe, sai dai rabin labarin aka ba ka.

Manoman da kake nufi su ne ake kira yoman, mutanen da ba su da sarauta amma suna da gona mai faɗi da garken tumaki da barori. A dokarsu dukiya iri biyu ce: ƙasa daban, abin da ake iya ɗauka daban, wato dabbobi da hatsi da kuɗi da kayan ɗaki. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ƙasarsa duka ta babban ɗansa namiji ce, in babu namiji 'ya'ya mata su raba daidai. Sai a 1925 aka soke wannan. Ko a da ɗin ma ba ko'ina ake binsa ba, domin a yankin Kent 'ya'ya maza duka ke rabawa, a wasu ƙauyukan Sussex kuwa auta ne ke ɗauka.

A 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi dokar da ta ba mai gonar kansa damar rubuta ta ga wanda ya so. Duk da haka yawancinsu ɗa ɗaya suka ci gaba da bar wa ita, don gudun kada a yanka ta gida biyar ta kasa ciyar da kowa. Amma ba a banza suke ba shi ba. Wasiyya ita ce igiyar da uba ke ɗaure shi da ita: ka biya ƙanenka kaza in ya kai shekara 21, ka biya ƙanwarka kaza ranar aurenta, ka bar wa uwarka ɗaki da itacen wuta da saniya. Wani magajin sai ya shekara goma yana biyan waɗannan kuɗaɗe daga amfanin gonar.

Ɗauki misalin Richard Hathaway na ƙauyen Shottery, wanda ya rasu a 1581. Ya bar wa 'yarsa Anne fam 6 da sule 13 da kwabo 4, a ba ta ranar aure. Babban ɗansa Bartholomew kuwa ya ba shi wani yanki ya noma, tare da roƙon ya taimaki matar gidan da harkar gona, ya kuma riƙe ƙannensa. In matar ta hana shi yankin, ta biya shi fam 40. Anne ɗin nan ce marubuci William Shakespeare ya aura a 1582. Kakan Shakespeare na wajen uwa, Robert Arden, 'ya'ya mata takwas ya haifa, a wasiyyarsa ta 1556 kuma auta Mary, mahaifiyar Shakespeare, ya zaɓa ya ba gonar da ake kira Asbies.

A wancan zamanin matar mamaci tana da sulusin ƙasar mijinta, amma cin moriya ne kawai muddin ranta, ba mallaka ba kamar tumunin da muka sani. Abin da miji ya ƙara mata a wasiyya sau da yawa da sharaɗi yake zuwa: ranar da ta yi wani aure ya faɗi. A ganina nan ne tsarin ya fi tauri, musamman da yake matar aure ba ta da ikon rubuta tata wasiyyar sai da iznin miji.

Wani abu zai ba ka mamaki. A arewacin Ingila har zuwa 1692, kayan da ake ɗauka uku ake kasa su, kashi ɗaya na mata, ɗaya na 'ya'ya, ɗaya kaɗai mamaci ke da ta cewa a kai. Ya yi kama da sulusin wasiyya a Musulunci, amma kada kamar ta ruɗe ka. A wurinmu babu wasiyya ga magaji, su kuwa domin magadan ake rubuta ta.

Kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya har zuwa 1858. Daga 1529 doka ta ce a ƙidaya kayan mamaci, sai maƙwabta su bi ɗaki-ɗaki suna yi wa kowace tukunya da zanen gado kuɗi, ban da ƙasa. Daga irin wannan takarda muka san mahaifin masanin kimiyya Isaac Newton, wanda yoman ne a ƙauyen Woolsthorpe, ya bar tumaki sama da 200 a 1642. Ya rasu kimanin wata uku kafin a haifi ɗan nasa, wasiyyar kuma alama ya zana mata, don bai iya rubuta sunansa ba.