Tambaya da Amsa: Bukukuwan Gargajiya da Baƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. A garinmu an daina kalankuwa, hawan Sallah ma dawakai sun ragu. Me ya jawo haka, kuma ana iya farfaɗo da su har baƙi su riƙa zuwa kallo? Mai karatu daga Kumo, jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalankuwa bikin kaka ce, samari ke riƙe da ita. Yanzu da an shigar da amfanin gona sai su tafi cirani, makaɗan kuma sun tsufa ba magada. Wa'azin malamai kan cuɗanyar maza da mata da rashin tsaron dare su ma sun taimaka.

Hawa kuwa doki ne ginshiƙinsa, kuma doki shekara guda yake ci don fitar 'yan kwanaki: harawa, dusa, dawa da kanwa, ga sirdi, linzami da likkafa masu son gyara. Shi ya sa da yawa suka koma haya. Nan ɓarnar take, domin dokin da bai saba da kakaki da ƙarar bindiga ba shi ke firgita wajen jahi, ya kayar da mahayi ko ya afka cikin 'yan kallo. A riƙa fitar da shi makonni kafin Sallah, yana jin tambari da harbi har ya saba.

Farfaɗowa tana yiwuwa. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan 2009, ya dawo a 2020, kuma UNESCO ta sanya hawan Kano cikin kayan gadon duniya a 2024. Amma a ganinmu abin da ya fi korar baƙi shi ne rashin tsayayyar rana. Sallah ganin wata take bi, bikin kaka kuwa ana iya tsayar masa da rana a Disamba, a sanar tun wata uku. A tanadi rumfa, ruwan sha, bayan gida da mai yi wa baƙi bayani. A kuma haɗa tafiyar da Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ko kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, don baƙo ya kwana ya yi sayayya wurin dukawa da masaƙa. Kuɗin tallafi kuma a fara sallamar makaɗa da masu kiwon dawakai da shi kafin kwamiti ya taɓa.