Tambaya da Amsa: Me ke hana injin ban ruwa kawo ruwa idan rijiya ta yi ƙasa?

Tambaya daga wani mai noman albasa a Tawa: Malam, ina da injin ban ruwa mai shan fetur. Da sanyi yana aiki lafiya lau, amma da an shiga watan Afrilu sai ya yi ta kuka ba ya kawo komai. Na sayi wanda ya fi shi ƙarfi, shi ma haka. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, injin ba shi da laifi, kuma mun ji takaicin kuɗin da ka kashe a kan na biyun. Inji ba ya jan ruwa yadda igiya ke jan guga. Aikinsa shi ne rage matsin da ke cikin tiyo, sai iskar da ke danne da saman ruwan rijiya ta tura ruwan ya hau. Iska tana da nauyi: a bakin teku tana danna kowane murabba'in santimita da kusan kilo 1, kuma iyakar abin da wannan nauyin zai ɗaga shi ne ruwa mai tsayin mita 10.3, ko da an kwashe iskar tiyon kaf. Wani masanin Italiya, Torricelli, ya nuna haka a 1643 da zaiba, wadda ta tsaya a santimita 76 don ta fi ruwa nauyi sau 13.6.

Mita 10.3 ɗin ma a takarda take. Tawa tana kusan mita 400 sama da teku, wannan kaɗai ya cinye kusan rabin mita. Zafin ruwa yana cin nasa, gugar ruwa da bangon tiyo tana cin nata, kowace lanƙwasa ma haka. Abin da ke saura a lambu mita 7 ne, da ƙyar 8. Idan ruwan rijiya ya sauka fiye da haka da rani, komai ƙarfin inji ba zai kawo shi ba. Kuma a auna daga saman ruwan zuwa bakin injin yayin da yake aiki, don ruwan rijiya yana sauka da zarar an fara ɗiba.

Idan ka ji ƙara kamar tsakuwa na yawo a cikin injin, ka kashe shi. Matsin ya ragu har ruwan yana tafasa ba wuta, ƙananan kumfa suna fashewa a jikin farfela suna cinye ƙarfen a hankali.

Magani mafi araha shi ne wanda masu lambu da yawa suka riga suka sani: a haƙa rami kusa da rijiyar, mita 2 ko 3, a sauke injin ciki. Tura ruwa sama ba shi da wannan iyaka, shi ya sa famfon hannu irin India Mark II, da tukunyarsa mai tura ruwan ke can cikin ruwa, yake kawo shi daga mita 40 da ɗoriya. Amma don Allah kada kowa ya zauna a ramin inji yana aiki, kuma kada a taɓa shiga da shi cikin rijiya. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Kafin haƙan, ka duba abubuwan nan. Tiyon tsotso ya zama mai waya a jikinsa, don mai laushi iskar waje za ta matse shi ya lafe. Duk mahaɗa a ɗaure ta tam, a naɗe da roba, don rami ko da kamar tsinin allura ne, ya isa ya ɓata aiki. Bawul ɗin da ke ƙarshen tiyon a cikin ruwa, idan yashi ya shiga masa, ba ya rufewa, ruwa sai ya zurare ya koma. Matacin da ke bakin tiyon ya nutse kamar rabin mita, amma kada ya kwanta a laka. Sannan a cika cikin injin da ruwa kafin a tayar, in ba haka ba robar da ke hana yoyo ta ƙone cikin 'yan mintoci.

Tambaya daga wata ɗaliba a Yamai: Me ke manne ƙahon wanzami a jikin mutum?

Amsa: 'Yar'uwa, dokar ɗaya ce. Wanzami yana zuƙe wani kaso na iskar ƙahon ya toshe tsinin, sai iskar waje ta danna shi a fata. Ƙaho mai faɗin baki santimita 5 yana rufe murabba'in santimita kusan 20. Idan matsin ciki ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar kawai, nauyin da ke riƙe shi ya kai kilo 4. Shi ya sa ba a fizge shi, sai an buɗe tsinin iska ta shiga ya saki da kansa.