Filin Tambaya da Amsa: In gyara kyanwata da kaina ko in kai ta wajen masu gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da kyanwa irin ta Farisa ɗin nan mai dogon gashi, ta kusa shekara a hannuna, to kwanan nan gashinta ya dunƙule a hammata da bayan kunne kamar an zuba danƙo, na yi mata wanka da shamfuna ko zai warware sai ma abin ya ƙaru. Yayana ya ce in kai ta wajen masu gyaran dabbobi, ni kuma gani nake ɓarnar kuɗi ce tunda ina da almakashi a gida. Ya kike gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ajiye almakashin nan dan Allah. Ni da kike ji na taɓa yin wannan gangancin, na kama dunƙulen na ɗaga sama na datse, ashe fatar ta biyo gashin ta shige ciki, kyanwar ko motsi ba ta yi ba sai jini na gani, ranar sai da likitan dabbobi ya yi mata ɗinki. Garin neman gira na kusa rasa ido. Fatar kyanwa ba ta da kauri ko kaɗan kuma tana miƙewa kamar roba, in gashi ya cure a kanta ba ki iya gane inda gashi ya ƙare fata ta fara.

Wankan da kika yi mata shi ya ƙara ɗaure abin, don curarren gashi in ya sha ruwa ya bushe ƙara tamkewa yake. Ana tajewa ne tukunna sannan a jiƙa. Shamfunki kuma ba nata ba ne, an haɗa shi ne daidai da fatar mutum wadda ma'aunin tsaminta yake wajen 5.5, ta kare da kyanwa ba ta kai haka tsami ba, shi ya sa namu ke busar musu da fata su yi ta susa. Kuma tunda an zo maganar wanka bari in faɗa tun kafin wata ta tambaya, kar a zuba Dettol a ruwan wankan kyanwa, sinadarin da ke ciki guba ne a gare ta, ga shi kuma tana gamawa za ta zauna ta lashe jikinta tas. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin permethrin, yana sa kyanwa karkarwa da jijjiga har ya kashe ta, a riƙa karanta jikin kwalba.

To yanzu maganar yayanki, a wannan karon gaskiyarsa. In dunƙulen ƙarami ne bai manne da fata ba, ki riƙe gindinsa da yatsu don kar ya ja ta, ki warware da mataji na ƙarfe daga baki-baki kina shiga ciki a hankali. Amma irin wanda kika kwatanta, a hammata, ya yi tauri, wannan aikin kilifa ne a hannun wanda ya saba, don hammata da ciki nan ne fata ta fi laushi, kuma bakin kilifa yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna ya ƙona dabba ba ki sani ba. In kuma kyanwar taki ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yagushi da an taɓa wurin, to asibitin dabbobi za ki nufa ba shagon gyara ba, likita ne kaɗai ke da hurumin ba ta maganin barci a aske ta. Duk mai gyaran da ya ce miki zai ɗan ba ta wani abu ta kwanta, ɗauki abarki ki fito.

Sai dai fa ki sani, kai ta wajen gyara ba zai sauke miki nauyi ba, nan ne mutane ke yaudarar kansu. Mai gyara zai gan ta sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu, sauran kwanakin duk naki ne. Kyanwa mai gajeren gashi harshenta ya kusa wadatar da ita, akwai 'yan ƙayoyi a kansa da ke aikin mataji, sau ɗaya a sati ki bi ta da buroshi shikenan, wanka ma sai in ta shiga wani abu. Ta Farisa kam harshenta ba ya kaiwa ƙasan wannan uban gashin, kullum sai an taje, minti 5 ma ya isa in dai har fata matajin ke kaiwa ba shafa sama-sama ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wadda ta san ba ta da wannan minti biyar ɗin da tun farko mai gajeren gashi ta ɗauko. Kuma a wajen tajewar ne za ki fara ganin ƙuma ko makero ko wani ƙulli tun bai yi nisa ba. In kika ga baƙin gari-gari a fatarta ki zuba kan jiƙaƙƙiyar farar takarda, in ya koma ja to kashin ƙuma ne.

In za ki kai ta ki tambaye su yadda suke busarwa. Ni ban yarda da a kulle dabba a keji a sakar mata iska mai zafi a tafi ba, balle irin ta Farisa mai shafaffen hanci da numfashi ke yi wa wuya dama. Ki ce kuma kar a taɓa gashin bakinta, da shi take auna hanya.

Tambaya: Anti karena German Shepherd ne, in ana zafi sai ya yi ta haki, ina so in aske shi ƙwal da kilifata. Kuma farcensa na ƙara in yana tafiya a kan tayil.

Amsa: Kar ka aske shi ɗan uwa. Gashinsa hawa biyu ne, na ƙasa mai laushi da na sama mai kauri da ke tare rana, in ka kwashe duka rana za ta ƙona fatar, wani lokacin ma gashin ba ya dawowa daidai. Abin da yake buƙata a taje mataccen gashin ƙasan ya fita iska ta samu shiga, ga inuwa ga ruwa, wannan kai ma za ka iya. Hakin kuwa da shi kare ke sanyaya jikinsa tunda ba ya gumi irin namu. Irin su Poodle da Shih Tzu da gashinsu ba ya daina tsawo su ne 'yan wajen aski, duk sati 4 zuwa 8.

Farce in yana ƙara to ya yi tsawo. Akwai jijiya mai jini a cikinsa, a farin farce ana hango ta ja-ja, a baƙi ba a gani, don haka kaɗan-kaɗan ake ragewa da abin yankan farcen kare. In ka kuskure ya yi jini ka danna garin sitaci a bakin ka riƙe. Karon farko ka je ka tsaya ka kalli yadda likita ko mai gyara ke yi, kar ka manta da ɗan farcen nan na gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa, shi ke lanƙwashewa ya shige nama.

Tambaya: Zomona ya yi datti, in yi masa wanka?

Amsa: A'a. Zomo ba a tsoma shi a ruwa, firgicin kaɗai na iya illata shi, gashinsa kuma ba ya bushewa da wuri sanyi ya kama shi. Ki goge inda ya ɓaci da jiƙaƙƙen tsumma ki tsane. In gindinsa ne ke yawan ɓaci da kashi, ki kai shi likita ya duba cikinsa da haƙoransa.