Kwas na naira 50,000 ko wata hanyar: amsa ga masu shirin neman aiki

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, Zariya, saura wata huɗu in gama. Na ga tallar wani kwas na intanet na mako biyu wanda aka ce yana koyar da iya magana da shugabanci, kuɗinsa naira 50,000, har da takardar shaida. Na taɓa shiga intabiyu sau biyu, baki ya mutu mini. In biya?

Amsa: Ƙanena, tunda alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a shekarar 2025, kuɗin kwas ɗin ya kusa kashi biyu cikin uku na abin da kake samu a wata, kuma ban ga dalilin da zai sa ka biya ba. A garin da Jami'ar Ahmadu Bello take yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 1962, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli, takarda ba ta yi wa masu ɗaukar aiki ƙaranci ba. Wanda zai yi maka intabiyu ba zai nemi shaidar cewa ka iya magana ba, tunda ga ka a gabansa, cikin minti biyar zai ji da kunnensa.

Ina zaton abin da ya kashe maka baki tarbiyya ce, ba rashin sani ba. An raine mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, da taƙaita amsa, da ƙin yabon kai, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa a fadar Zazzau ya san darajar wannan. Sai dai a ɗakin intabiyu, idan aka tambaye ka abin da ka yi a shekarar hidimarka ka ce "mun ɗan taɓa abin da ya sawwaƙa", ka bar masu tambayar hannu rabbana. Faɗin cewa ka koyar da lissafi a aji uku, ka kuma shirya darasin yamma ga masu rubuta jarabawar WAEC, ba fariya ba ne, bayanin aiki ne. Ka riƙe gaisuwa da ladabin, domin suna da kasuwa a kowane ofis, ka ƙara musu ɗaga kai da kammala jimla.

Wurin atisaye kuwa yana hannunka kyauta. Kullum kana tsayawa gaban ɗalibai, waɗanda ba sa ɓoye gajiyarsu idan malami ya yi ta kewaye-kewaye. Akwai kuma taron hidimar al'umma na masu bautar ƙasa, inda kowa yake gudun muƙamin sakatare. Ka karɓe shi: rubuta bayanin taro, da bin mutane bashin gudummawa ba tare da an ɓata ba, da sasanta waɗanda suka saɓa, su ne ainihin abin da tallar take kira shugabanci. Idan za ka kashe kuɗi, ka sayi data, ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana amsa tambayoyin intabiyu da Turanci da Hausa, sannan ka ba wani babban malami a makarantarku wanda ba ya jin nauyinka ya saurara. Manhajar kwasa-kwasan intanet ta Coursera ma tana karɓar neman tallafi ga wanda ba zai iya biyan kuɗin kwas ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar shekarar ƙarshe ce a Samaru. Shin dole ne in sayi kwat don intabiyu, ko atamfa da mayafi sun isa?

Amsa: Ƙanwata, ba dole ba ne. Doguwar riga mara ado da yawa, mai launi ɗaya, da mayafin da ba zai sa ki riƙa gyara shi kina magana ba, sun wadatar a yawancin ofisoshin Arewa. Idan banki ne ko kamfanin da ke da tsarin sutura, ki tambaya tun ranar da aka kira ki. Ki sayi yadin a kasuwar Sabon Gari, ki kai wa tela da sauran mako biyu aƙalla, ragowar kuɗin kuma ki ajiye na mota domin ki isa wurin kafin lokaci.