Takarduna sun ƙi tafiya ta imel

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman aikin koyarwa, an ce in tura takarduna ta imel. Na ɗauki hotunansu da waya, amma Gmail ya ƙi turawa. Ina mafita? Daga wata ƴar'uwa, Talata Mafara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Gmail ba ya ɗaukar kayan da suka haura megabayit 25 a saƙo ɗaya, hotunan wayoyin yanzu kuwa nauyi gare su. In sun haura, sai ya mayar da su mahaɗin Google Drive (ma'ajiyar Google a intanet), ni kuma ba na son haka ga mai neman aiki: jami'in da ya danna aka ce sai ya nemi izini, wucewa zai yi.

Ki buɗe manhajar Google Drive, ki zaɓi Scan, wato ɗaukar hoton takarda. Shimfiɗa kowace takarda a kan tabarma, wurin haske, kada inuwar hannunki ta rufe hatimi. Manhajar za ta haɗa su duka cikin fayil ɗin PDF guda. Ki sa masa sunanki, ki liƙa shi a saƙon imel, ki jira ya gama hawa. Ki fara tura wa kanki ki duba tukuna.