Amsa: Shin mutanen Sin na cin abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta?

Malam, ka tambaya ko Sinawa sun yarda da irin wannan abinci. Suna ci, amma zukatansu ba su kwanta da shi ba. Sin na shigo da waken suya kusan tan miliyan 100 a shekara, galibinsa daga Brazil da Amurka, kuma mafi yawansa an sauya masa ƙwayoyin halitta. Ana matse shi a fitar da mai, tunkuzar kuma ta tafi abincin kaji da aladu.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna kashi 46.7 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya ba sa so, kashi 11.9 ne kaɗai suka yarda, sauran suna tsaka-tsaki. Tushen tsoron shi ne rashin amana. Bayan madarar jarirai mai guba ta 2008, sai aka fallasa a 2012 cewa an ba yara 'yan makaranta a lardin Hunan shinkafar gwaji da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ba tare da an yi wa iyayensu cikakken bayani ba. Abin ya yi wa mutane ciwo sosai.

Tun 2002 doka ta wajabta rubuta shaidar cewa an sauya ƙwayoyin halitta a jikin kaya kamar man waken suya. Shi ya sa a kanti za ka ga mai saye yana juya galan yana neman rubutun da ke cewa ba a sauya ba, ya biya ƙarin kuɗi.

Auduga da gwanda da aka sauya wa ƙwayoyin halitta sun daɗe ana nomawa a Sin. Masara da waken suya kuwa sai ƙarshen 2023 aka amince da irinsu don noman kasuwa.